Tankin Bayan Katanga

Da hular wasa a kansa aka fito da Gatari daga ɗakin ɗaukar shiri, aka cusa shi cikin wata baƙar mota. Shi ne ɗan barkwancin da ke kwaikwayon minista a talabijin duk mako. Ko tambaya bai yi ba, ya san laifinsa. A shirin makon jiya ya ƙaddamar da famfon ƙarya: an ɓoye tankin da ke ba shi ruwa a bayan katanga, ana gama tafi aka ɗauke tankin.

A ofis, ministan gaske ya ƙare masa kallo.

"Kai ne mai famfo?"

"Ranka ya daɗe, wasa ne kawai," in ji Gatari. "Ina da iyali. Daga yau na bar shirin."

"Ka bari? Rufa mana asiri." Minista ya jawo masa kujera da kansa. "Jiya muka gwada dabarar tankin nan a wani ƙauye, har addu'a suka yi mana. Yanzu asibiti za mu buɗe ranar Asabar, ga shi ko gado babu. Me kuka tanada a shirin wannan makon?"