Ba Mu Zuwa Chamrousse

Da safiyar Asabar Mamane ya tsaya a tashar jirgin tram ta garin Villeurbanne, rigar sanyi har wuya. Sati uku yana shirin kai Zuwaira tsaunin Chamrousse ta ga dusar ƙanƙara. Ta iso ba ko jaka, sai takardar météo, wato hasashen yanayi, da ta bugo a sashensu na nazarin yanayi.

"Ba mu zuwa," in ji ta. "Iska za ta kai kilomita tasa'in a awa, ga sabuwar ƙanƙara ba ta zauna ba. Ba ni bin ka inda za ka ɓace mini."

Ya kalle ta. Yatsanta na bin taswirar da ke jikin takardar ba ko rawa, amma idonta ya ƙi haɗuwa da nasa. Bai taɓa jin ƙi mai daɗin wannan ba.

"Akwai maganar da na so in faɗa miki can sama."

"Faɗe ta nan ƙasa, ina ji."

"Aure, Zuwaira."

Ta ninke takardar a hankali, murmushi ya kuɓuce mata.

"Kawuna yana garin Stains. Ka je da ƙafarka, ban da waya."