Direban Da Ya Soki Alhaji Lawali

Alhaji Lawali ya buga takardar a kan tebur. "Malam Hafizu, wane ne ya faɗi wagga magana?"

Wata biyu ke nan da Alhaji ya ɗauko shi daga Zariya, Hafizu ya riƙa koya masa dabarun shugabanci, don kamfanin motocinsa na Ƙaura ya fara tangal-tangal. Hafizu ya zauna da direbobi goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye su yadda suke ganin Alhaji, ya rubuta amsoshinsu da hannunsa, babu suna. Goma sun yabi Alhaji. Ɗaya ya ce mutum ne mai wulaƙanci, ba ya jin shawara, kuma motar Shinkafi ba ta da birki.

"Alhaji, na yi musu alkawari. Amana ce."

"Amana? Yanzu Shari'a ake yi a Zamfara. Wanga ƙazafi ne! Ko ka faɗa mini yau in kore shi, ko kai ka kama hanya."

Hafizu ya tuna iyalinsa. "Suna kam ba zan faɗa ba. Amma juya takardun, akwai tambaya a baya."

Alhaji ya juya. An rubuta: baɗi war haka, kana nan kamfanin?

Goman da suka yabe shi duk sun ce a'a, sun samu wani wuri. Wanda ya soke shi ya ce, "Ina nan. Shi ya sa nake son ya gyara."