Saƙon da Ke Zuwa Sau Biyu

Ranar Litinin da ƙarfe tara Injiniya ta kunna dillalin saƙo, kuma ya yi aiki. A wannan kamfani, hakan kaɗai abin mamaki ne.

Zanen gadoji kamfanin yake yi. Manyan kwamfutoci uku ke riƙe da manhajar zanen, ɗaya a hawa na farko, ɗaya a na uku, ɗaya a na biyar, don wanda ya tsara ofishin bai taɓa tunanin za su buƙaci juna ba. Dillalin wata manhaja ce mai aiki ɗaya tak: idan mai zane ya canza kaurin ƙarfe a kwamfuta ɗaya, ya kai wa sauran biyun labari nan take. Wata huɗu Injiniya ta yi tana shirya shi, kuma har yanzu ba a tabbatar da ita a aikin ba.

Har tsakar rana komai lafiya lau. Mahaifinta, masinjan kamfanin shekara goma sha tara, wanda ya kai takardunta na neman aiki teburin Manaja da hannunsa, ya dawo daga ganin likitan gwiwa, ya leƙo ya sa mata albarka. Ya ce bai san mene ne dillali na kwamfuta ba, amma ya gaya wa kowa 'yarsa ce ta yi shi.

Da ƙarfe biyu da rabi saƙonni suka fara zuwa sau biyu. Na dillali ya iso da sabon gyara, can sai wani ya biyo baya da tsohon, ya hau kansa ya zauna. Ginshiƙin da aka ƙara wa kauri ya koma siriri. Shugaban masu zane ya sauko yana huci, ya ce shi ba zai sa hannu a gadar da ke ramewa da kanta ba.

Manaja bai ɗaga murya ba, shi ba ya yi.

"Akwai wani tsohon tsari da ke wannan aikin kafin naki," in ji shi. "Wanda ya haɗa shi ya tafi shekara tara da suka wuce, ko takarda bai bari ba. Ki nemo shi kafin Alhamis ta wuce. Abin da ba shi da sauran amfani ba ya zama a ginin nan. In kin kasa, naki za mu cire, ki bi shi."

Ya miƙa mata fom mai layi ɗaya da za ta cike: abin da aka cire.

Ranar Talata ta wuni tana tono. Ta bi kwamfutocin uku lungu-lungu, ba ta ga abin da ke aikawa ba. Sai dai ta lura da halin tsohon tsarin. Duk minti arba'in yake zuwa. Daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu ba ya motsi. Ƙarfe biyar na yi, shiru sai gobe. Ta ce a ranta, ko manhaja a nan ta koyi zaman ofis.

Laraba lif ya lalace, kowa ya koma hawan bene yana haki. Ranar tsohon saƙon ya riƙa makara da minti ashirin, ta rubuta hakan ba tare da ta san amfaninsa ba. Da yamma ta fusata, ta zare wayar da ta haɗa kwamfutar hawa na uku da sauran. Babu ta inda komai zai shiga. Bayan awa guda tsohon saƙon ya iso abinsa.

Shugaban masu zane ya ce a nemo mai ruƙiyya. Ba wanda ya yi dariya, don ba a tabbata wasa yake ba.

A gida ta kasa cin abinci. Tsoro take ji ƙwarai, ba don kanta kaɗai ba, har da tsohon da ke zaune gabanta yana shafa magani a gwiwoyinsa da suka kumbura, wanda ya riga ya cika baki da ita.

"Za ki gano shi," ya ce. "Ke ba ki taɓa barin abu rabi ba."

Ranar Alhamis ta daina bincike. Ta ɗauki kujera da fom ɗin Manaja, ta shiga ɗakin hawa na uku mai sanyi, ta kulle ƙofa, ta zauna ta zuba wa kwamfutar ido. Saura minti uku. Saura biyu. Ta cire murfin biro ta ɗora bakinsa a kan layin.

Makulli ya juya ta waje. Mahaifinta ya shigo yana ɗingishi, ya ciro filash daga aljihun rigarsa, ya soka a kwamfutar, ya tsaya jiran koren haske kamar yadda aka koya masa.

"Ci gaba da aikinki, 'yata, yanzu zan fita," ya ce. "Shekara tara ke nan ina kai musu wannan hawa-hawa, in ban da safiyar Litinin ban taɓa fashi ba."