Baƙar Ledar Hajiya

Saura wata ɗaya a ɗaura musu aure, Labaran ya zo ƙofar gidan su Zulfa a Sabo, rigarsa na ta warin albasar kasuwar Bodija. Ya miƙa mata wata baƙar leda, ya ƙi yarda su haɗa ido.

"Hajiyarmu ce ta ce in kawo miki. Wai ba ki da jiki, dangi za su yi magana."

Ta buɗe. Ƙwayoyin sa ƙiba ne, sha-ka-fashe. Ta zuba masa ido har ya fara sosa ƙeya.

"Ragon layya kuka mayar da ni, Labaran, da za a turke a yi ta ɗura?"

Fuu ta shige gida, ta dawo da katin asibiti ta manna masa a ƙirji.

"Karanta! An gwada tsawona, an auna nauyina, lissafin biyun ya ba da maki ashirin da biyu. Likita ta ce daidai nake, lafiyata ƙalau."

"Hajiya ba ta san awon likita ba. Wata ɗaya ne fa, ki daure."

"Yayata Jamilatu ma wata ɗaya aka ce mata ta sha su." Ta nuna shi da yatsa. "Ba kai ka raka mu wankin ƙodarta ranar Talata ba?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta cusa masa ledar a hannu.

"Mayar mata. In kilo kuke aure, akwai sikeli a Bodija, ku je ku zaɓa. In kuma ni kake so, gobe ka dawo hannunka babu komai."