Telan da Ya Hana 'Yarsa Barcin Rana

An yi wani tela da shagonsa ke zauren gidansa. Yana da 'ya mai shekara uku wadda bakinta ya buɗe da wuri: tana ƙirga ɗaya zuwa hamsin, tana kawo ƙananan surori ba tuntuɓe. Masu kawo ɗinki kuwa sai bayan azahar suke zuwa, daidai lokacin da yarinyar ta ci abinci ta miƙe a tabarma. Kowa ya zo, sai tela ya leƙa cikin gida ya ce a taso ta ta yi wa baƙo karatu. Uwar takan roƙa a bari ta farka da kanta, shi kuma ya ce barcin rana na ragwaye ne, ba a gidansa ba. Haka za ta ɗaga 'yar, wuya na langaɓewa, ta shafa mata ruwa a fuska, ranta na tafasa. Wata rana har sau uku.

Kafin wata biyu yarinyar ta canja. Ta ture kwanon abinci, ta ciji 'ya'yan maƙwabta, ta yi ta kuka har magariba ba a san me take so ba. Tela ya ce uwar ce ta sangarta ta. Uwar ta haɗiye wannan ma.

Ran nan wani babban mai ba shi ɗinki ya zo da abokansa, aka taso yarinyar. Ta tsaya tsakiyar zaure ido jawur, aka ce ta fara, ta ƙi. Da aka matsa mata sai ta faɗi tana birgima tana ihu. Kunya ta kama tela, ya naɗe tef ɗin awo a hannu zai zabga mata. Uwar, wadda baƙo bai taɓa jin muryarta ba, ta yaye labule ta sure 'yarta.

"Malam, kekenka ma in ya yi zafi kana barinsa ya huce. Wallahi ba mai sake tashinta."

Ba a sake tashinta ba. Rigimar ta lafa, abinci ya soma shiga. Amma ko da lallashi ba ta ƙara kawo aya ɗaya gaban mutane ba, kuma da ta ji takun ubanta sai ta shige bayan zanen uwarta. Irin wannan ne Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.