Shanya a Saman Bene

"Maigida, kada ka tura," matarsa ta ce.

Ya ɗago daga kan kwamfuta. Ya daɗe yana auna hasken wani tauraro da na'urar hangen nesa da ya kafa a saman bene. Hasken yakan ɗan dushe ya dawo, alamar wata duniya na giftawa ta gabansa. Yau zai tura wa ƙungiyarsu ta masu kallon taurari sakamakon.

"Ni ce na jawo dushewar nan. Ka hana ni shanya a can, amma ina yi a ɓoye. Zanin gado ne iska ke kaɗawa gaban na'urarka."

Ya juya ga kwamfutar. Sannan ya goge komai.

Bayan watanni, tana share falo sai wayarsa ta yi haske. Saƙon ƙungiya ne: wani ya gano duniya tana zagaya tauraron nan, dushewar iri ɗaya sak da wadda ya goge.

Ya fito daga wanka yana murmushi.

"Maman yara, kullum sai na gode miki. Ba don gaskiyarki ba, da na sha kunya."

Ta kifa wayar a hankali.