Injin Niƙa da Darar Waya

Abin da matar nan ta rasa injin niƙa ne, wanda mijinta ya rasu ya bar mata, shi ke ci da gidan. Abin da ta samu kuwa, ɗanta ya koma bin babbar hanya in zai tafi masallaci, ya daina ratsawa ta bayan gidaje. Wasu sun ce ta faɗi a cinikin. Ku ji yadda aka yi, ku auna da kanku.

Ɗan nata ya gama karatu, aiki ya ƙi samuwa, sai ya ce zai ƙera wasan dara a waya, yadda mutumin Gusau zai buga da na Maraɗi kowa yana zaune a ɗakinsa. Kuɗin yi babu, sai ya yi shela a intanet a yi masa karo-karo. Mutane kuwa suka turo: mai shayi, tela, direban tanka, har da mazauna ƙasar waje masu kewar gindin bishiyar garinsu. Don daɗin baki ya ce musu duk wanda ya sa ko sisi yana da ta cewa a wasan. Nan ya ɗaure kansa. Waɗannan suka ce a buɗe wurin magana, don dara ba gori ai tuwo ne ba miya. Ya buɗe. Ba a jima ba aka fara zagin iyaye, waɗancan suka ce a rufe. Ya rufe, na farkon suka ce ya kashe wasan. Wani ya ce a riƙa haɗa shi da baƙi, wani ya ce shi ba ya bugawa da wanda bai san ubansa ba. Masu hannu da shuni suka ce wanda ya biya a bar shi ya janye hannu in ya yi kuskure, sauran suka ce to ai an mai da dara kasuwa. Yau ya gina, gobe ya rushe. Kuɗin suka zirare a data da man janareto da hayar wurin da wasan zai zauna a intanet, wasa kuwa bai fito ba. Uwar tana kallonsa, ya zauna, ya miƙe, ya kifa wayar, ya sake ɗauka, tuwo ya sandare a gabansa. Ita ba ta iya karanta abin da ke shigowa ba, amma ta san ƙarar da ba ta yankewa ba ta alheri ba ce.

Sai maganar ta fito daga waya ta shigo unguwa. Wata mai kawo niƙa ta dire ƙwaryarta ta ce, "Iya, a niƙa min da kyau, ba irin niƙan ɗanki ba, da ya karɓi hatsin mutane har yau ba gari." Matan da ke jira suka ƙyalƙyale. Ta niƙa, ta karɓi kuɗinta cif, amma wunin ranar ta yi ta sharar inda ba datti. Ana cikin haka wani dillalin wayoyi ya zo ya ce zai saye wasan, ya sa mai kuɗi ya riƙa sayen nasara, ɗan ya huta. Ɗan ya so. Uwar ta tambaye shi tun farko me ya ce wa mai shayi zai yi masa. Ya ce dara, mutum biyu, wanda ya fi iyawa ya ci. Ta ce to ita za ka yi, ka toshe kunne, nawa ya rage ka gama? Da ya faɗa, ta san inda kuɗin suke, suna can zaure ana zuba musu dawa.

Wannan mata fa ba a taɓa jin ta sallama a tayin farko ba. Mai tumatir in ya hango ta, tun kafin ta iso yake ƙara gyara. Amma ita da kanta ta aika wa maƙwabcin da ya daɗe yana kwaɗayin injin tana korarsa. Ya zo, kuma ya san halin da ake ciki. Ya zagaya injin, ya ƙwanƙwasa, ya taɓe baki ya ce ai ya tsufa. Ta ce, "Kai ma ka tsufa, Malam, ba a zubar da kai ba." Ya taya dubu ɗari, ta ce albarka. Ta rufe injin da buhu, ta shige gida, ta kasa zama, ta fito ta yaye. Ya kama hanya, ta bar shi ya kai bakin lungu, ba ta kira shi ba. Ya dawo. Tun hantsi suke abu ɗaya har aka kira la'asar.

Wasan ya fito bayan damina, ba ado, mutum biyu da gurabe. Masu ƙorafi ba su daina ba, amma ba wanda ya ƙara cewa ɓarawo. In aka tambaye ta nawa ta sallama, ba ta sunkuyar da kai. "Dubu ɗari da tamanin," in ji ta, "shi ya biya 'yan dako, kuma niƙan gidana kyauta har in koma ga Allah. Ya fi haka, na sani. Amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."